Jijiya ta Bakwai a Fuskar Baba

Payakumbuh, 9 ga Maris, 1994

Zuwa ga yayana Syafril,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Yaya Rosmaniar da yara. Yaya aiki a Batam? Mu nan alhamdu lillahi, sai abu ɗaya, kuma kada hankalinka ya tashi kafin ka kai ƙarshe.

Ranar Talata Baba ya wayi gari bakinsa ya karkace dama, idon hagu ba ya rufuwa. Ya kurɓi kofi, ya zubo masa a riga. Inna ta aika aka kira ni daga makarantar likita a Padang. Na tarar da gida cike, Kawu Bustami na cewa iska ce ta mare shi, Goggo na cewa shanyewar ɓarin jiki ce, irin wadda ta ɗauke Kaka.

Ka tuna jijiyoyi goma sha biyun nan da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, waɗanda na faɗi jarrabawarsu bara? Su na bi ɗaya bayan ɗaya. Na rufe masa ido na kai kanumfari hancinsa, ya ce, "Kanumfari ne, 'yar nema. Hanci aka ce miki ya karkace?" Ta farko lafiya ke nan. Ta biyu ta gani ce, ya karanta kalanda. Ta uku da ta huɗu da ta shida su ke juya ƙwayar ido, ya bi yatsana ko'ina. Ta biyar mai rassa uku ita ke jin taɓi a fuska, ita ke tauna. Na shafa auduga, ya ji. Na kara masa agogo a kunne don ta takwas, ya ji bugunsa. Ya haɗiyi ruwa, muryarsa ras, ta tara da ta goma ke nan. Ya ɗaga kafaɗu don ta sha ɗaya, ya zaro harshe a miƙe don ta sha biyu, ya ce ya daɗe yana son yi wa Kawu haka.

Ta bakwai ce ta sami matsala, mai motsa fuska. Na ce ya ɗaga gira, goshin hagu ya ƙi tattarewa. Yaya, sai da na zauna a ƙasa don sanyin rai. Mai shanyewar jiki goshinsa yakan motsa. In goshi ya kwanta tare da baki, galibi jijiyar ce ta kumbura a hanya, ba ƙwaƙwalwa ba. Likita ya tabbatar, ya ba da magani.

Damuwata sarewarsa. Shekara arba'in da ita yake ciyar da mu a gidajen biki. Jiya na leƙa na ga ya kai ta baki, iska na zurarewa ta gefe. Ya naɗe ta a zani. Likita ya ce yawanci ana warkewa, bai ce kowa ba.

A gaishe da yara.

Ƙanwarka,
Yusnimar

Payakumbuh, 20 ga Agusta, 1994

Yaya Syafril,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya zazzaɓin Rosmaniar? Wasiƙarka ta iso, Baba ya sa an karanta masa sau biyu.

Ido ya rufu, baki ya dawo sai ɗan kaɗan. Ya yi busa a bikin 'yar limamin unguwar Koto Nan Ampek. Dogon numfashin nan nasa wanda ba ya yankewa bai dawo ba, gajerun waƙoƙi ya yi, abokinsa Darwis ya ƙarasa sauran. Da muka dawo gida ya ce, "Rabin gurasa ma abinci ne." Ban san ko har zuciyarsa ya faɗa ba.

Sai wani sabon abu. Da jijiyar ta sake toho, wani reshe ya ɓata hanya: maimakon ya nufi wurin yawu, ya nufi wurin hawaye. Yanzu da ya sa loma, idon hagu sai zuba. Likita ya ce ba haɗari, wataƙila kuma ya zauna haka.

Jiya Inna ta zuba masa shinkafa da naman da ta dafa da madarar kwakwa, yana ci yana share ido. Ta tsaya a kansa riƙe da ludayi ta ce, "Malam, tun aurenmu ba ka taɓa cewa girkina ya yi daɗi ba. Ci gaba da kukanka, na karɓa."

Ya miƙo kwano a ƙara masa.

Allah ya sada mu da alheri.

Taka,
Yusnimar