Muryar Mukhtari

Illela,
18 ga Afrilu, 1965.

Zuwa ga aminina Halliru,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, kai da su Baba da dukan mutanen gidanku na Gusau. Mu a nan sai godiyar Allah.

Takardarka ta iso. Na karanta wa Malam Attahiru, mahaifin Mukhtari, ta'aziyyarka a zaure, ya ce a gode maka, Allah ya ba da lada. Na shiga cikin gida na karanta wa mahaifiyarsa, Inna Tasalla. Ta karɓi takardar ta riƙe a cinyarta har na fito.

Ka ce in faɗa maka yadda abin ya kasance. Babu wani dogon labari, shi ya sa har yanzu zuciyata ta ƙi yarda. Ran kasuwa muna tare da Mukhtari a shagon babana, muna gyaran rediyon wani bafatake daga Ƙonni. Shi ke gasa ƙarfen liƙi a kan gawayi, ni ina riƙe da waya da dalma, kamar yadda muka saba a makaranta. Sai ya ajiye ƙarfen ya ce kansa na sarawa, wuyansa ya riƙe. Na raka shi gida. Kafin a sami motar da za ta kai shi Sakkwato, sanƙarau ya gama aikinsa. Mun kai shi makwancinsa ana jibi Sallah. Ragon da ya zaɓo wa gidansu da kansa, ba da shi aka ci ba.

Har yanzu mutane na kawo rediyo shago suna tambayar 'yan kwaleji biyu masu gyara. Nakan karɓa in yi aikin, don zaman banza ya fi wuya. Amma sau da yawa nakan miƙa hannu gefen dama in ba shi sukurdireba, sai in ga ba kowa. Wayar eriyar da ya hau bishiyar ƙofar gidanmu ya ɗaura tana nan, da irin ƙullin nan nasa da ba mai iya kwancewa.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba sai kai. Ka tuna rakodar da Baturen nan malamin kimiyya ya bar mana da zai koma ƙasarsu, wadda muka kwashe zango guda muna fama da ita kafin ta tashi? Mukhtari ya zo da ita hutu, tana cikin kayansa a shagonmu. Shekaranjiya na sa mata batir don in ga ko tana aiki. Zaren ɗaukar magana da ke kai, na ranar nan ne da muka gwada ta a bayan ɗakin kimiyya.

Halliru, sai ga muryarsa. “Ana ji na? Ma'aruf, ana ji na?” Daga nan sai shiru, don ka san a ranar kai kawai na gyaɗa masa, ban yi magana ba. Sai dariyarka daga nesa. Sai ya gyara murya yana kwaikwayon mai karanta labarai na Kaduna, yana sanar da jama'a cewa mu uku za mu kafa gidan rediyo a Illela, wanda har masunta a Kalmalo za su riƙa ji daga cikin ruwa.

Na kashe ta, na zauna. La'asar ta wuce ni a wurin ban sani ba.

Ka gai da kowa. Ka sa shi a addu'a.

Naka,
Ma'aruf.

Illela,
27 ga Afrilu, 1965.

Aminina Halliru,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta iyali. Yaya zafin Gusau? Namu a nan ya kai ga ko ƙarfe ka taɓa da rana sai ka janye hannu.

Na ga amsarka. Ka ce in adana zaren nan kamar idona, kada in bari komai ya same shi har mu koma makaranta ka ji da kunnenka, tun da kai ba ka sami ganin sa ba. Na ɗauki alkawari.

Sai dai maganar ta fita daga hannuna. Zuwaira, ƙanwar Mukhtari, ta zo shago karɓar hularsa da tocilarsa, ta same ni ina sauraro. Ban ji sallamarta ba. Da na ɗago kai na gan ta a bakin ƙofa ta dafa bango. Ba ta karɓi hular ba, ta juya. Kafin azahar Inna ta aiko kira na.

Ka san ni a gidan nan na yi karatun allo, ba a yi mini shamaki. Amma sai da na tsaya wurin Malam a zaure tukuna. Ya dubi akwatin, ya tambaye ni ko akwai aikin iska a ciki. Na ce babu, sauti ne kawai ya bar alama a jikin zare, kamar sawun ƙafa a rairayi. Ya daɗe yana jan tasbaha. Sannan ya ce shi bai ga inda aka hana ba, bai kuma ga alherinsa ba. In shiga, amma shi kada a kira shi.

Inna na zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye rakodar a gabanta, na danna. Da ya ce, “Ana ji na?” sai ta ɗaga kai ta dubi ƙofar gida, ba akwatin ba. Da shirun nan ya zo, sai ta ce, “Muna jin ka, Mai waya.”

Ka san shi ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kama sunansa ba. Mai waya take ce masa tun yana ƙarami, lokacin da yake tsince-tsincen waya a tashar mota. Ta faɗi maganar ne da muryar da take amsa masa sallama in ya dawo hutu. Zuwaira ta shige ɗaki.

Da ya zo wurin masuntan Kalmalo, Inna ta yi dariya har da riƙe baki. Zuwaira ta ce tun ranar rasuwar ba a ga haƙoranta ba sai a lokacin. Na koma gida ina ganin na yi abin kirki.

Da zan fita ta ce in dawo gobe bayan la'asar.

Ina nan ina haɗa ƙaramar rediyon nan ta reza da bakin fensir da muka fara da shi, don ƙanena ya dame ni. Tana kama Yamai sosai, Kaduna kuwa sai da yamma. In kana da ragowar siririyar wayar naɗi, ka zo mini da ita makaranta.

Naka har kullum,
Ma'aruf.

Illela,
6 ga Mayu, 1965.

Halliru,

Ina gaishe ka, ina fatan kowa lafiya.

Kullum bayan la'asar ina gidan su Mukhtari. Tun ina kunna mata sau ɗaya, yanzu sai ta ce a maimaita, a sake maimaitawa, har a kira magariba. Amsarta ma ta ƙaru. A cikin ɗan shirun nan take cusa masa labarin gida: akuya ta haihu, an yi wa rijiya yasa, wance ta zo gaisuwa daga Tozai. In muryarka ta katse ta da dariya, sai ta dakata, ta jira a sake zagayowa.

Ba ta cin abinci. Zuwaira ta sa an kawo mata kifi daga Kalmalo, wanda take so, ko taɓawa ba ta yi ba. Tana dama fura ta rufe da faifai ta ajiye kusa da akwatin. Da safe ba ta yin komai sai duban inuwar katanga, tana jiran ta kai inda take kaiwa in na zo.

A gari kuma magana ta yaɗu cewa ni, ɗan Alhaji, na kama kurwar ɗan Malam na rufe a akwati. Wata tsohuwa ta canja hanya da ta hango ni. Mutum biyu sun zo sun karɓe rediyonsu ban gama gyara ba. Wannan bai dame ni ba kamar abin da nake gani a kaina. Ina cikin aiki da rana tsaka, kasuwa na ci, sai in ji tambayar nan a bayan kunnena. Jiya babana ya juyo ya ce da wa nake magana. Ashe na amsa a fili.

Abin da ya sa na zauna rubuta maka shi ne na ranar Talata. Batir ya yi sanyi, ban lura ba. Ka san halin rakodar nan, in ƙarfi ya ragu sai zaren ya riƙa tafiya a hankali. Da na danna, muryar da ta fito ba ta saurayi ba ce. Ta yi kauri, ta yi nauyi, tana jan kalma kamar mai gajiya. Muryar dattijo ce, Halliru, kuma Mukhtari ne.

Malam na wucewa da buta zai yi alwala. Ya tsaya cak a tsakar gida, don muryar ta koma tasa sak. Ruwa na zuba daga bakin butar a kan ƙafarsa bai sani ba. Bai juyo ba. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya wuce. A ranar wani ne ya ja sallar magariba.

Na kai hannu zan canja batir, Inna ta riƙe ni. Ta ce, “Bar shi. Ashe haka za shi yi magana in ya tsufa.” Tun ranar ba ta yarda a sa sabo. Kullum muryar na ƙara tsufa, jiya da ƙyar ake gane kalmomin.

Zuwaira ta tare ni a soro tana kuka. Ta ce in ce wa Inna akwatin ya lalace, in ba haka ba za su rasa ta ita ma. Yaya zan dubi Inna in yi mata ƙarya? Yaya kuma zan koma makaranta in bar ta a haka, ko in ɗauke mata shi?

Da kana kusa da na sami wanda zan yi shawara da shi.

Naka,
Ma'aruf.

Illela,
13 ga Mayu, 1965.

Zuwa ga aminina Halliru,

Sallama da gaisuwa, da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya kafin ka kama hanyar Sakkwato. Na fi so ka ji wannan magana tun kana gida, don ban san yadda zan faɗe ta ina kallon idonka ba.

Ranar Litinin da hantsi Inna ta aiko, ba ta jira la'asar ba. Na tarar da Malam zaune a gefe, karo na farko. Ta rame ƙwarai. Ta ce in zauna, sannan ta tambaye ni, “Wanga abu, in an yi magana cikinai, shina ɗauka?” Na ce yana ɗauka, amma zare ɗaya gare mu, kuma duk abin da aka ɗora a kai yana shafe na ƙasa. Na maimaita mata don in tabbata ta gane. Na ce in an shafe, ba ni ba, ko Baturen da ya ƙera ta ba ya iya dawo da shi.

Ta ce ta gane. Ta ce, “Kullum shina tambaya ko ana jin shi. Na amsa, na amsa, gobe ya sake tambaya. Jiya na ji ya gaji. Ni na hana shi kwanciya. Bari in ba shi amsa guda, ya huta.”

Na dubi Malam. Ya ce shi bai sa ta ba, ba zai kuma hana ta ba.

Na tuna alkawarin da na yi maka. Wallahi na tuna, har na buɗe baki in ce a jira ka ji tukuna. Sai na dubi hannuwanta a kan tabarma, da furar jiya a rufe ba a taɓa ba. Na sa sabon batir, na mayar da zaren farko, na miƙa mata abin magana. Ni na danna, Halliru. Ba wanda ya tilasta ni.

Ta riƙe shi da hannu biyu. Abin da ta fara faɗa shi ne sunansa. “Mukhtari.” Zuwaira ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunan nan a bakin Inna ba. Ta ce masa ta ji shi. Ta ce ta yafe masa nonon da ya sha da duk wani abin da ke tsakaninsu, duniya da lahira. Ta roƙa masa sanyin kabari da haske. Malam na cewa amin a hankali. Ba ta tsaya ba sai da zaren ya ƙare, bakinsa na kaɗawa.

Na tambaye ta ko in kunna mata ta ji. Ta ce a'a, ba don ita ta yi ba. Ta ce in ɗauki akwatina in tafi da shi makaranta, mu yi karatu da kyau. Ta ce in gaishe ka.

Da yamma Zuwaira ta leƙo shago ta ce Inna ta sha fura, ta ci tuwo kaɗan. Jiya har ta fita barkar haihuwa a maƙwabta.

Na san na hana ka abin da kake da haƙƙi a kansa kamar ni. Dariyarka ma ta tafi tare da shi. In ka yi fushi ba zan ga laifinka ba, ina dai roƙon ka yafe mini.

Zan shigo motar Asabar in Allah ya yarda, da rakodar da gwangwanin kayan aikinsa, wanda Malam ya ce mu raba ni da kai. Ka jira ni a tasha in ka riga ni isa, ba na son shiga ɗakin kwananmu ni kaɗai.

Abu ɗaya kuma nake roƙon ka. Yau da safe ina ɗaure kaya, na nemi muryarsa a kaina, irin wadda muka sani, ta bayan ɗakin kimiyya. Na yi ta nema. Ta dattijon nan ce kawai ke zuwa. Kai ba ka taɓa jin ta dattijon ba, taka tana nan yadda take. In mun haɗu, ka zauna ka faɗa mini yadda yake magana.

Ka gai da su Baba. Allah ya haɗa mu da alheri.

Amininka,
Ma'aruf.