Ɗakin da Na Kama a Yendi

Zuwa ga mahaifiyata, Mma Adisa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa irin wadda ta kamaci uwa, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Daga Bawku nake rubuto miki, watana biyu ke nan da zuwa. Na san ba ki iya karatu ba tun kina raye, balle yanzu. Amma maganar da na ɓoye wa mutane, so nake in ajiye ta inda kowa zai gani.

Kin tuna fitowarmu daga Salaga, shekarar da aka sauke tutar Bature? Baba ya rasu, 'yan'uwansa suka raba gida, ba wanda ya dubi inda kike. Muka hau lori, ni da ke da matata Rabi da cikinta wata takwas, sai keken ɗinkina. Kwana tara muka yi a wata rumfa a tashar Yendi, ruwan damina yana dukanmu. In ya sauko, ke ce mai tsayuwa ki riƙe tabarma a kan Rabi har ya ɗauke.

A zango, unguwar baƙi, ba a ba baƙo ɗaki don kuɗinsa kawai. Sai ya kai goro zauren mai gida, ya durƙusa, a tambaye shi tushensa. Gida biyu muka shiga. Su ji sunan Baba su yi fara'a, sai su ɗaga kai su ga tsagar Gurunshi a fuskarki. Duk wanda ya ji Salaga ya kuma ga wannan tsaga, ya san baiwa ce ke, da igiya aka shigo da ke garin kina yarinya. Nan take sai a tuna ashe an riga an yi wa wani alkawarin ɗakin. Goron dai ba a mayar mana ba.

Gida na uku na Malam Imoru ne, malami mai fataucin goro. Ya saurare ni, ya dubi cikin Rabi, sannan ya ce, "Wannan tsohuwa fa?"

Mma, kina bayana, taku biyu. Na ce, "Mai aikin gidanmu ce, ita ta raine ni."

Ban waiwaya ba. Na dai ji kin sauke ƙullin kanki, kin durƙusa kin gaishe shi can daga bakin ƙofa, yadda barori ke yi. Kafin la'asar an ba mu ɗaki mai rufin kwano.

Mai aiki ba ta kwana ɗakin ma'aurata, saboda haka aka nuna miki madafa. Can kika shimfiɗa tabarmarki tsakanin itace da buhunan gawayi. Kika koma kirana Malam Tela. Ke da har na yi gemu kina jan kunnena in na bar tuwo a kwano, ke da Hausarki ba ta raba namiji da mace, kowa "ya zo" ne, amma ko sau ɗaya bakinki bai suɓuce ya ce "ɗana" ba. Wallahi wani lokaci har haushinki nake ji, don kin iya abin fiye da kima.

Da Rabi ta sauka, na sa wa jaririyar sunanki. Matan gida suka yi ta dariya, wai wa ya taɓa yi wa mai aiki takwara? Na ce ai sunan gwaggon Rabi ne. Kina zaune kina gasa wa yarinyar cibi.

Sau ɗaya na shigo madafa zan buɗe maganar. Ba ki bar ni ba. Kika ce, "Ɗaki ya samu, yaro ya zo lafiya. Mene ne kuma?" Na fita ina jin sauƙi, kuma wannan sauƙin shi ya fi komai cin raina yau. Kullum sai in ce bari in ƙara kafuwa a garin tukuna. Shekara huɗu ina kafuwa, hayaƙi yana cin ƙirjinki.

Ranar Talata da hantsi kika cika. Da aka jera sahu, liman ya tambaya wa ke da gawa. Na ce, "Ni ne. Uwata ce." Na faɗa da ƙarfi, har ina jin kamar na yi wata bajinta. Na jira a ce in kwashe kayana.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Malam Imoru ya kira ni zaure. Ya ce tun makonmu na farko kika same shi kika gaya masa ke kika haife ni, don ba kya son zama gidan malami a kan ƙarya. Ya ce a share miki ɗakin da ke kusa da na uwarsa. Kika ƙi, kika roƙe shi ya yi shiru, wai in na san ya sani, kunya za ta sa in kwashi mai ciki in koma tasha. Ya ce, "Ɗakin nan shekara huɗu ban ba kowa ba. Jira nake ka zo da bakinka."

Mma, na leƙa ɗakin. Yana da taga, iska tana shiga.

Na kasa ci gaba da zama a gidan, shi ya sa kika ji ni a Bawku. Rabi tana gaishe ki. Takwararki ta fara tambayar ina tsohuwar madafa ta tafi, na zaunar da ita na gaya mata ko ke wace ce.

Ki yafe mini, Mma. Allah Ya yalwata kabarinki, Ya haskaka shi, Ya sanyaya miki ƙirji. Allah Ya saukar da ke a gidan da ba a korar kowa saboda fuskarsa. Ni kuma Ya ba ni ikon haɗa ido da ke ranar da za mu gamu. Amin.

Ni ne ɗanki, wanda kika haifa,
Seidu Tela