Tabon da ke Gefen Hagu

Litinin, 3 ga Maris

Tabon nan ya dawo. Wani duhu-duhu a gefen hagu na sikirin ɗin kwamfutata, kamar an dangwala yatsa mai maiƙo. Ina cikin zana benen da ɗan kwangila ke jira, sai tagar kicin ta ɓace a cikinsa. Na goge gilashin da bakin mayafina, yana nan daram.

Na kira mai gyara. Ya ce da alama katin hoto ne, wanda ke fitar da zane a sikirin, nawa ya tsufa. Wallahi har daɗi na ji. Kati ai sayensa ake yi.

Abin da ban gaya masa ba, haka ciwon idon Baba ya fara. "Auta, wa ya shafa wa bangon nan toka?" Yau ni ke ɗora masa hannu a kan kofin shayi.

Laraba, 5 ga Maris

Sabon kati guda ɗaya ya rage a shagon mai gyara. Wai in saya yanzu, kaya tashi suke yi. Yaya kuma ta ce in jira, mijinta ya ji za a fito da sabon samfuri, farashin tsofaffin ya karye. Na ce shawararta ta yi.

Ƙarya nake. Ba farashi nake jira ba. In na saka sabon kati, na kunna, na tarar da tabon yana nan fa? Tsoro nake ji, tsoro ba kaɗan ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Na juya teburin, mai shigowa bayan sikirin kawai zai gani. Kar wani ya leƙa ya ce min shi bai ga komai ba.

Asabar, 8 ga Maris

Mai gyara da naci. "Anti, ki ɗauki hoton sikirin ɗin da waya ki turo min, in tabbatar kafin ki saya." Mutumin kirki ne, amma ji na yi kamar in shaƙe shi. Na ce kyamarar wayata ta lalace. Shi da kansa ya gyara min ita kwanan nan. Ya ce to.

Lahadi, 9 ga Maris

Ɗan kwangila ya dawo da zanen. Matakalar hagu a iska ta tsaya, ba ta kai ƙasa ba. "Ke da ba kya kuskure?" Na ɗora wa kati laifi.

Da idon nan nake ci, da shi Baba ke tafiya. In nawa ya tafi, wa zai ja wa?

Talata, 11 ga Maris

Ban kunna kwamfuta ba, wanki na yi. Na shanya farin zanin gadon Baba, sai ga tabo a gefen hagu. Na sauke, na dirje da sabulu, na sake shanyawa. Yana nan. Na juya kaina, ya biyo ni ya hau bango.

Zama na yi a kan bokitin. Baba daga bakin ƙofa ya ce, "Auta, wankin nan bai ƙare ba?" Na ce tabo ne ya ƙi fita. Sai ya ce, "Ni mai fenti na yi ta jira. Da na je asibiti, likita cewa ya yi ina ma na zo da wuri."

Na tashi na ɗauke bokitin.

Juma'a, 14 ga Maris

Mai gyara ya ce wani na son katin. Na ce ya sayar masa, nawa zai ƙara ja.

Na mayar da teburin inda yake, ya fi samun iska a can.

Litinin zan kai Baba asibitin ido karɓar maganin ɗigawarsa, kamar yadda muka saba. Da na kira, na ce wa matar da ke rubuta suna ta rubuta mutum biyu. Tunda dai zuwa zan yi.