Jikka Sittin ɗin Mai Nasara

Litinin, 2 ga Oktoba 2023
Banki sun maido mini dosiye, takardun neman bashin da na kai. Wai sai na kawo takardar gida garanti, wato jingina. Gidan da mu tara muka gada, wa zai sa hannu?

Alhamis, 12 ga Oktoba
Hajiya Lami mai atamfa ta sa ni a gurup ɗinsu na waya, inda 'yan kasuwa ke haɗa wa mutum jari. Na yi musu muryar minti biyu: gyaɗar garin Dogo, a saya da kaka, a sayar da bazara, a raba riba. Ba kuɗin ruwa. Mutum talatin da ɗaya, jikka ɗari takwas na sefa, cikin kwana huɗu. Ni kaina na ji tsoron bakina.
Gaskiya tsakanina da takarda: bashin mutane ya fi sauƙi. Wa zai kai ni jastis gaban alƙali kan jikka goma?

Asabar, 4 ga Nuwamba
Baba Mai Nasara, tsohon telan bakin tasha, ya zo shago. Ba shi da babbar waya, labari ya ji. Jikka sittin a ƙunshin ƙyalle. Na ce a sa sunansa a gurup. Ya ce, "Kul, Zakari. 'Ya'yana su ji ina da kuɗi? Ni da kai da Allah, ai shaidu sun cika."

Laraba, 17 ga Janairu 2024
Ƙwari sun shiga magaza inda na ajiye gyaɗar. Buhu goma sha tara sun zama gari. Na faɗa a gurup. Ba wanda ya zage ni. Sai "Allah ya mayar da alheri". Da zagin suka yi, da na san abin da zan ce.

Juma'a, 9 ga Fabrairu
Mai Nasara ya rasu da safe.
Kafin a sallace shi liman ya juyo: "Wanda yake bin mamaci, ko mamaci yake binsa, ya faɗa." Sau uku. Na dubi takalmina. Takalmin ma yana son gyara.

Lahadi, 11 ga Fabrairu
Sadakar uku. Na lissafa: in na yi shiru, sittin ɗin ta toshe rabin ramin, sauran talatin da ɗaya su samu nasu cif. Ai wannan ma adalci ne. Na iya tsara shi da kyau, kamar kullum.
Inna Balki, matarsa, ta ce mini, "Kullum yana cewa kai ɗan kirki ne, bakinka ne kawai." Ta ƙara mini gumba.

Talata, 13 ga Fabrairu
Na sayar da moto, babur ɗin nan nawa. Dama tana shan mai.
Na bi ta gidan Mai Nasara da jikka sittin ɗin. Yusufu, babban ɗansa, ya ƙirga sau biyu, ya ce ina takarda. Na ce babu. Ya daɗe yana kallona.
Daga unguwarsu Birni zuwa tamu Zango a ƙafa da nisa, ashe.