Kwalbar da ke firjin Yaya Halliru

Litinin, 6 ga Oktoba

Da safe na tai shagon Yaya Halliru karɓar maganin idona. Na iske shi duƙe bayan firji, kwalbata a hannu, shina tsiyaya mata ruwan leda da sirinji. Da ya gan ni, cewa ya yi wanke bakinta shika yi.

Talata, 7 ga Oktoba

Tun farko likita Susanna a Sakkwato ta ce farin tsiron da ke idona na hagu ciwon daji ne. Ɗigo huɗu kullum, sati ɗaya a sa, sati ɗaya a huta, kuma kwalbar ta zauna cikin sanyi. Duk layinmu a Wurno, Yaya kaɗai ke da firjin sola. Wata biyu ina mamakin mi ya sa maganin ya bar yi min zafi. Har murna na yi. Na ɗauka sauƙi ne.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Abdulƙadiri mai albasa ya tare ni bayan masallaci, shina godiya. Wai maganinmu na Sakkwato akwai ƙarfi, duk mai apolo tun daga Lahodu shagon Yaya shika zuwa a ɗiga mai, kyauta. A satin hutuna kenan.

Laraba, 15 ga Oktoba

Na faɗa ma likita Susanna. Ta aje biro. Ta ce wanga magani guba ne ga lafiyayyen ido, in kawo sunayen waɗanda anka ɗiga ma. Tsiron ya hau baƙin ido. Sai aiki.

Asabar, 18 ga Oktoba

Yaya: «Ɗigo nawa ne, Isa? Mutum shi zo da jan ido in ce babu?»



Alhamis, 6 ga Nuwamba

An yanke tsiron. Idon na nan, amma kamar ina kallo ta cikin leda. Sabuwar kwalba na cikin tulu a ɗakina, naɗe da jiƙaƙƙen tsumma. Likita ta ce firji ya fi. Yaya ya aiko da ƙanƙara, sau uku ina maidawa. Yau na bari ta kwana.

Inna na ta cewa shi ɗan'uwa ba a riƙe shi a zuci. Na ce to. Abin da ban rubuta ba ran Litinin ɗin nan: ba ni kaɗai na gani ba. Inna na zaune kan benci. Ledar ruwan a hannunta take.