Baba Ya Fara Waƙa

Zuwa ga ƙanena Ninian,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarka Catriona da yara. Yaya sanyin Kanada? Mu nan ƙauyenmu na Sikotlan lafiya lau, sai dai Baba.

Ba ciwo yake ba. Waƙa ya fara. Mutumin da tun rasuwar Mama ko gaisuwa sai ya ga dama yake amsawa, yanzu shi ne ke fito a bakin teku yana tsokanar mata masu gyaran kifi. Ya shafa wa ƙofa shuɗin fenti. Ranar Lahadi a coci muryarsa ta danne ta kowa.

Goggo Effie ta ja ni gefe ta ce, "Ishbel, yayana ya zama fey. Ki nemo Ninian."

Ka daɗe a waje, bari in tuna maka. 'Yata Rhona dariya ta yi, wai su a jami'a fey suke ce wa mutum mai kama da aljana, wanda hankalinsa ke sama. Wannan yayin yanzu ne. A bakin Kaka, fey shi ne wanda halinsa ya juye rana ɗaya, ya cika da fara'a ba dalili, saboda ajali ya matso. Haka ta ce da Kawu Wattie da ya yi ta rawa kafin jirginsu ya nutse. Fasto ma ya ce a tsohon rubutun Sikotlan, mayaƙin da aka ƙaddara ba zai dawo daga fage ba ake kira haka.

Ban san me na yarda da shi ba, amma tsoro nake ji. Ban manta faɗanku da Baba ba ranar da ka ƙi gadon jirginsa na kamun kifi ka tafi. Duk da haka, don Allah ka zo.

Yayarka,
Ishbel

Ƙanena Ninian,

Ina gaishe ku duka, da fatan tarin ƙaramin yaronka ya yi sauƙi. Amsarka ta iso. Ka ce camfi ne, a kai shi asibiti. Na kai shi. Likita ya ce zuciyarsa ta fi tawa ƙarfi.

Jiya na shiga ta ƙofar baya ban ƙwanƙwasa ba. Na same shi gaban shayi, fuska a murtuke kamar da, yana murza kumatu. Yana ganina ya washe baki ya ɗauko waƙa.

Na ce, "Baba, ajiye ta. Na gan ka."

Ya ce, "Kumatuna ciwo suke, yarinya. Murmushin nan gara jan ragar kamun kifi. Wancan mai taurin kan ya sayi tikiti ko kuwa?"

"Au, da gangan kake yi?"

"Yo na san Effie. Tana ganin haƙorana a waje za ta ce a kira shi."

Na yi fushi ƙwarai, na ce ya hana ni cin abinci a banza. Ya ce shi ma ya sha wuya, ko launin fentin ba ya so.

To ka ji. Baba ba fey ba ne, lafiyarsa ƙalau, ba mai zarginka in ba ka zo ba. Amma tsoho mai shekara tamanin ya yarda duk ƙauye su fara yi masa kallon gawa, don bakinsa ya kasa cewa yana kewar ɗansa. Ya roƙe ni kada in gaya maka. Yanzu haka yana bakin teku yana waƙa, ya ce ba zai daina ba sai ka sauka. Muryar kuwa ka san ta. In ba ka tausaya masa ba, ka tausaya wa kunnuwanmu.

Ka gaida Catriona. Gadonka na nan a gyare.

Yayarka mai kewarka,
Ishbel