An Kwance Ganyen Baba

Zuwa ga Yaya Mesak,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da sauƙin zaman birnin Ambon. Mu nan lafiya, sai dai takaici.

Ka san shekara biyu ke nan da Baba ya ɗaura ganyen kwakwa a bakin teku ya rufe gaɓarmu, kamar yadda kakanni suke yi. Ba mai taɓa dodon koɗin teku sai shekara uku ta cika. Shekara talatin yana wannan tsaro, ko ɓarawo bai taɓa tsallake ganyensa ba.

To, ga shugaban gandun teku ya zo, mutumin da ko hawa kwalekwale sai an riƙe masa hannu. Bara shi ya tara mu yana koya mana kare teku. Mu fa! Yanzu wai baƙi na zuwa Asabar, suna son ganin bikin buɗe gaɓar, a kwance ganyen na rana ɗaya. Baba ya ce koɗin bai girma ba. Kawu Welem, da aka yi wa alkawarin gina ɗakin baƙi, ya miƙe ya ce wa Baba, "Haba Yaya, koɗi ya san kalanda ne?" Aka yi dariya. Ni kunya ce ta kama ni.

Ka gaida matarka.
Ƙanwarka, Yosina.

Yaya Mesak,

Bayan gaisuwa da fatan ƙafarka ta warke. Sun matsa, Baba ya kwance ganyen.

Matasa suka yi nutso, suka tara koɗi 'yan ƙanana kan yashi. Baƙi suka yi ta ɗaukar hoto har rana ta take. Sannan shugaban, cikin alfahari, ya ce a mayar da koɗin ruwa, saboda kare muhalli. Gawa suka mayar, Yaya. Kwana uku gaɓar tana wari.

Ranar Litinin Baba ya ɗaura sabon ganye. Kafin azahar kwalekwale biyar sun shiga. Da Baba ya yi magana, matar Kawu ta ce, "An buɗe wa masu kyamara, mu ne za a rufe wa?"

Jiya shugaban ya aiko wa Baba takardar yabo mai ruwan zinariya. Na rufe tukunya da ita.

Don Allah ka zo ka tafi da Baba. Kullum yana zaune a bakin ruwa, mutane na wucewa da raga ta gabansa, suna gaishe shi.

A gaida yara.
Taka, Yosina.